Rasuwar Wardin Hajiya Shatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani takaici da na kasa haɗiyewa, ni Dunoma Mele na unguwar Kanti, Kazaure, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar 'yar bishiyar wardin gidanmu, wadda ta cika a cikin rabin duronta, a gindin katangar gabas, bayan jinyar da ba ta nema ba.

Marigayiyar ta zo gidan nan shekarar da aka samu mulkin kai, tana reshe, a cikin gwangwanin madara. Maiɗakina Shatu ce ta roƙo ta a gidan wani Balarabe mai awon gyaɗa a Kano, ta rungumo ta a cinya a bayan akori-kura har gida. Tun daga ranar ba ta taɓa yi wa kowa rashin kunya ba, in ban da ƙayarta, ita ma sai ka kai hannu. Furenta ja ne, ƙamshinsa yakan riga ka isa zaure. Shekarar fari, da rijiyoyi suka ƙafe, Shatu a gindinta take alwala, da wannan ruwan ta rayu. Ba ta da magana. Iyakar abin da muka taɓa ji daga gare ta shi ne ƙyas-ƙyas ɗin ƙayarta a jikin kwanon rufi in iska ta taso, sai zuuu na ƙudan zuman da ke kai mata gaisuwar hantsi.

Bana Allah ya kira Shatu aikin Hajji. Da za ta tafi ba ta bar mini wasiyyar kaji ko ta rumbu ba, sai ta wardi: ruwa da safe a gindi, kada ya taɓa ganye, furen da ya bushe a cire da almakashi, ramukan ƙarƙashin duro a bar su a buɗe, kowa ya gani da ido.

Ciwon ajali ya fara da ganye kaɗan na ƙasa da suka yi rawaya da ɗigon baƙi. Yanzu na ji an ce tsinke su ake yi a ƙone, shi ke nan. Amma gidan da aka tafi Makka ba ya rabuwa da masu zuwa gaisuwa, kuma kowa ya shigo sai ya leƙa mara lafiya.

Baba Kura, ƙanen mahaifina, ya zo daga Babura. Ya ce yunwa ce, ɗan nan, ba ka ga ta rame ba? Ya sa aka kwaso kashin shanu ɗanye, yana tururi, aka cika duro. Na san taki sai ya ruɓe ya huce. Amma ni da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun kafin nan an koya mini cewa babba yana magana ba a cewa a'a. Na ce to, Baba.

Hajja Kaka, yayar surukata, ta iso daga Roni ta ga ganye ya ƙone a baki-baki. Ta ce ƙishirwa ce, ku maza ba ku san tausayi ba. A yi mata wanka safe da rana da yamma, har kai. Da ta ga ruwa yana zurarewa ta ƙasa, ta ce almubazzaranci ne, ta toshe ramukan da tsumma da hannunta. Na ce to, Hajja.

Sai ƙananan kwari kore suka lulluɓe toho. Ruwan sabulu kaɗan ya ishe su, haka Shatu take yi. Malam Falalu na Gwiwa, wanda ya daɗe yana feshin auduga, ya ce sabulu na wanki ne. Ya goyo tankinsa, ya haɗa maganin da ƙarfi don a gama sau ɗaya, ya fesa mata rana tsaka. Kwarin sun mutu, wannan ba zan hana shi ba. Ganyen ma ya bi su.

Na ƙarshe maƙwabcina Daudu, wanda ya girme ni nesa. Ya ce a sare ta ƙasa kamar zogale, za ta tofo. Kafin na gama gyara murya ya sa adda. Da na tono gindin daga baya, saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari.

Ta rasu ta bar rabin duro, da almakashi, da gwangwanin ban ruwa mai huji, da ƙudan zuma da har yau suke zuwa su zagaya su koma. Ta bar akuyar Daudu, wadda ta yi shekaru tana ɗaga ƙafa a katanga ba ta samu ba. Ta kuma bar Hajiya Shatu, wadda ba ta sani ba tukuna, kuma jirginsu zai sauka Kano ranar Alhamis in Allah ya yarda.

Tun da aka yi rasuwar likitocinta huɗu ba wanda ya taka gidan nan. Baba Kura ya aiko cewa ƙafa ta matsa masa. Hajja Kaka ta ce kwana ne ya ƙare. Malam Falalu ya ce ai an kira shi a makare. Daudu kuwa, ta kan katanga, ya ce in sayo furen roba a kantin Kano in soka, wai Hajiya da gajiyar hanya ba za ta lura ba. Matar da ta san adadin ƙayar wannan itace!

Ba za a ƙara taɓa gawar ba sai mai ita ta gani. Bayan nan za a haƙa mata a bayan rumbu, a kife duron. Za a karɓi gaisuwa a zaurena ranar Juma'a bayan la'asar, kuma an shimfiɗa wa mutum huɗu tabarma ta musamman kusa da ƙofar cikin gida, inda murya take kaiwa ɗakin Hajiya.

Filin jirgi ni kaɗai zan je. Duk wanda ya san yadda ake faɗa wa matar da ta sauko daga jirgi irin wannan labari, ya taimaka ya zo kafin Alhamis. Wannan ce shawara ɗaya da na taɓa roƙa, kuma har yanzu ba wanda ya kawo ta.

Dunoma Mele,
a madadin iyalan marigayiya.