Ranar da Hambali Ya Yi Kuka Babu Albasa

Jiya na wuni a layin mai na Kura rungume da jarkata, ina neman abin da zan tayar da injin ban-ruwa, tunda hanyar ruwanmu ta bushe har awaki na kiwo a cikinta. Da layi ya zo kaina, mai ya ƙare. Alhamdu lillahi, na dai sha rana kyauta.

A hanyar komawa na tarar da cincirindo a gonar maƙwabcina Hambali. Na ɗauka maciji aka gani. Ashe abin ya fi haka. Hambali ne zaune a tsakiyar tumatirinsa da ya ƙone, yana kuka. Ƙato guda, da gemunsa. Kuma babu ko albasa ɗaya kusa da shi.

Bari in yi wa 'yan birni bayani. Mu nan namiji ba ya kuka. In abu ya ci masa rai, sai ya je inda aka tara albasa, ya zaro wuƙa, wai zai duba ko ta fara ruɓewa. Duk wanda ya gani sai ya ce, "Kai, ta bana da yaji take," ya wuce. Haka mahaifina ya yi ranar da aka binne mahaifiyata. To, bana albasar ma ba ta samu ruwa ba.

Dattijo Maharazu ya laluba buhun cefanensa, ya miƙa wa Hambali albasa guda.

"Riƙe wannan, ka rufa mana asiri. Mata na wucewa."

Hambali ya ture ta ƙasa. "Baba, ba albasa ba ce. Tumatirina ne. Tun yana iri nake renonsa, ya mutu ina kallo, ga ruwa can an kulle. Ku ƙyale ni."

"Inna lillahi," in ji Maharazu. "Duniya ta zo ƙarshe."

Sai na tuna da Mai Girma Sarkin Makullin Ruwa, Allah ya ƙara masa sanyin ofis. Watan jiya ya zo mana da jerin motoci, aka yayyafa wa hanya tanka biyu na ruwa don kada takalminsa ya yi datti. Ya yi alkawarin buɗe ruwa, ya zaro farin hankici, ya fashe da kuka saboda tausayin manoma. Rediyo ya ce an samu shugaba ɗan zamani mai taushin zuciya. Maharazu ya yi tafi har hularsa ta faɗi.

Na ce, "Baba, shi Mai Girma ba namiji ba ne?"

"Kai, kada ka haɗa. Nasa kukan ilimi ne. A Turai ya koyo shi."

Ana cikin haka Barira, matar Hambali, ta iso da kwanon abinci. Muka zuba ido, muna jiran ta rufe fuska don kunya. Ta dire kwanon a gabansa.

"Gara ka yi shi a nan, Malam. Shekara da shekaru kana haɗiye shi, ka kawo mana gida ya zama faɗa."

Kowa ya shiga duba ƙasa kamar ya yar da allura. Ni dai na tausaya wa Hambali, har da ɗan hassada, don ya tashi ya ci tuwonsa tas, ni kuwa tun safe ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Saboda haka, Mai Girma, ranka ya daɗe, mun yafe tumatir, an ce in ba ƙira me ya ci gawayi, amma ba mu tambaya ba. Albasa kawai za a taimaka a sakar wa ruwa. In ba haka ba, baɗi duk mazan Kura da Bunkure za su koma 'yan zamani, kuma ba mu da hankici.

Af, Baba Maharazu ya nemi albasarsa sama da ƙasa bai gani ba. Tana aljihuna. Gobe zan je duba tawa gonar.