Tausar da Ba Tawa Ba

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da ranar da na fara zuwa wurin mai tausa ba. Har yau in na ji an ɗora man kaɗe a wuta sai haushi ya taso mini, kuma ba na kowa ba ne sai na kaina.

Lokacin ɗana na fari yana da wata huɗu, ban daɗe da dawowa Jibiya daga wankan jego a gidanmu na Daddara ba. Wata safiya ina daka da shi a baya, majanyi ya sassauta, kansa ya langaɓe gefe, ni kuwa ina ta zuba taɓarya ban sani ba. Daga ranar wuyansa ya ƙage. Kan ya karkace hagu, in an taɓa sai ihu, ya kuma ƙi kama nonon dama sam. Kwana uku ana haka. Nonon ya cika ya yi tauri kamar dutsen niƙa, yaro yana ramewa ina kallo. Maigida ya bi jakai zuwa Katsina, surukata ta tafi zaman makoki Mazanya. Daga ni sai tsorona.

Maƙwabciyata ce ta ba ni labarin wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai tausa har ta jarirai, wadda take ƙetarowa ranar kasuwa. Ƙauyensu yana bayan duwatsun nan da Nasara suka kakkafa suka ce daga nan ƙasar Faransi ce (in iska ta juyo muna jin dakansu, amma wai wata ƙasa). Da la'asar take komawa. In na rasa ta, sai wani makon, yaron kuwa ban ga alamar zai kai wani mako a haka ba.

To, kun san yadda ɗan fari yake a wurinmu. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban manya, ballantana mace ta buɗe baki ta ce "ɗana". Ni kuwa na ƙware a wannan har ana ba da misali da ni a dangi, kuma ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Da hantsi na goya shi na nufi gidan da take sauka. Ina sallama na tarar da mata shida a rumfa suna jiran layi, a tsakiyarsu ga Gwaggo Asabe, yayar surukata, ta miƙe ƙafa an shafe mata gwiwa da mai. Duk Jibiya ba wadda ta kai ta yaba kunyata, ba kuma wadda ta kai ta yaɗa magana.

"A'a, amaryarmu ce? Sauko mini da mijina in gan shi."

Kafin in gama durƙusawa ta zare shi daga bayana. Ya gaji da kuka ya yi barci, don haka ba wanda ya ga komai.

Inna Tabawa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, amma hannuwanta kamar na maƙeri. Ta dube ni ta ce, "Mi ka damunki, ɗiyata?"

Na buɗe baki. Na dubi Gwaggo, na dubi matan nan shida, na mai da kaina ƙasa.

Gwaggo ta ce, "Kar ki wahal da kanki, wannan ba ta magana. Mai jego ce, ƙugu ne da baya. A bar ta ta wuce gaba, tana da goyo."

Inna Tabawa ta ce mini, "Hakanan ne?"

Na gyaɗa kai. (Ni da ƙafata na zo, da bakina a jikina, na gyaɗa kai.) Dabarata ita ce in bari ta ɗan taɓa ni, in ta sunkuyo sai in raɗa mata a kunne.

Wadda ba ta taɓa zuwa ba, bari in faɗa mata abin da za ta tarar. Za a ce ki tuɓe mayafi, ki sassauta zane zuwa ƙugu, ki yi ruf da ciki a tabarma. Za a narka man kaɗe a kasko a shafa miki da ɗuminsa, a hankali, har ki ce ashe abin daɗi ne. Wannan duk gaisuwa ce. Daga nan babban yatsa zai shigo.

"Nan ne?"

Ta danna ƙasan kafaɗata, na ji har ƙafa. Na ce nan ne.

"Nan fa?"

Nan ma ne. Duk inda wannan yatsa ya sauka, nan ne.

"Saki jiki. Kin ɗaure kamar itacen da za a kai kasuwa. Wa ya yi miki wankan jego? Ba ta gasa ki ba."

Ga uwata ana zagi, ga nono cike na danne shi da tabarma, yana zuba yana jiƙa ni. Raɗar da na shirya kuwa, ta ina? Fuskata tana cikin kaba, numfashina yana hannunta. Sau biyu na ce, "Inna..." ta ce, "Yi shiru, yanzu shina hita." Ta bar yatsa ta koma gwiwar hannu. Ta bar gwiwar hannu ta miƙe, ta kama ginshiƙin rumfa, ta ɗora mini diddige a ƙugu. Na ji bayana ya yi ƙas ƙas, matan suka ce, "Yawwa, ya faɗa." Ban san me ya faɗa ba.

Gwaggo tana ta yabo: "Kun gani ko? Ko uhm ba ta ce ba. 'Yar gidan mutunci ke nan."

Sai na jiyo yaron ya motsa. Na karkato ido ɗaya. Gwaggo ta zaunar da shi a cinya tana cewa, "Kai, miji, me ya sa kake juya mini ƙeya? Juyo in ga ko kunnen kakanka ka ɗauko." Ta kama haɓarsa ta murɗo dama.

Ihun da ya tsala ban san lokacin da na tashi ba. Na manta akwai mutum a bayana. Inna Tabawa ta yi baya ta zauna daɓas kusa da kasko, ni kuma ga ni tsaye, jiki sharkaf da mai, hannu ɗaya riƙe da zane, shatin tabarma a kumatu, ina faɗa da iyakar muryata:

"Gwaggo ki sakar mini ɗana, wuyansa ne ke ciwo! Ɗana ne ba lafiya, ni lafiyata lau!"

Na fizge shi na rungume ina kuka, ina kiran sunansa, sunan yanka, ba sau ɗaya ba.

Wata cikin matan ta sa mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa.

Inna Tabawa ta tashi tana kakkaɓe zane. "Lahiyarki lau? Tun hantsi nike tuƙa ki, na ƙarar da rabin maina, lahiyarki lau? Miƙo shi nan, sakarya."

Ta kwantar da shi a ƙafafunta, ta lakaci mai kaɗan. Yatsu biyu ta sa, a hankali take bi daga bayan kunne zuwa kafaɗa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Hannun da ya kusa raba ni da ƙuguna ke nan. Ba a daɗe ba kukan ya koma ajiyar zuciya. Ta nuna mini yadda zan riƙa shafawa safe da yamma, da yadda zan tallafe kan, ta ce, "Ba shi na dama. Nan, yanzu, in gani."

A gaban Gwaggo. Na ba shi. Ya yi ɗan mutsu-mutsu, ya kama. Na ji sauƙin ya sauko mini tun daga kafaɗa, na sunkuyar da kai hawaye suna ɗiga a kansa.

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Sannu, uwar ɗa. Mu ashe 'yan kallo ne."

Kafin maigida ya dawo labari ya riga shi shiga gida. Wuyan yaro ya saki sarai cikin kwana uku. Ni kuwa kwana biyu na yi ba na iya sunkuyawa, a na uku na tashi bayana sakayau kamar ban taɓa haihuwa ba, wannan ya fi komai ba ni haushi, don ba ni da bakin cewa tausar banza aka yi mini. Har yau a gidan suna in na shiga sai wata ta ce, "Ku matsa, ga Ɗana ta iso."

Abin da na koya bai da yawa. In kin je wurin mai tausa, ki faɗi abin da ya kawo ki tun kina tsaye da ƙafafunki, ko wa ke zaune a wurin. In kika bari fuskarki ta taɓa tabarma, ba abin da zai fito daga bakinki sai nishi.