Tafintan da Ban Ɗauka Aiki Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da dabino a unguwar Kudai, ban taɓa jin kunya a ciniki ba, sai ga shi wayar hannu, abin da bai fi tafin hannuna ba, ta tona mini asiri a bainar jama'a ina ta murmushi kamar ango.

A nan Makka aka haife ni, iyayena Kanawa ne da suka zo Hajji suka zauna. Ban gaji shago ba. Da dakon kayan alhazai na fara a Mina, na koma tallan dabino a faranti a bakin tashar motoci, har Allah ya ba ni shago mai ƙofa biyu da firji uku. Daga takalmin mutum nake gane ko saye ya kawo shi ko ɗanɗano. Shi ya sa da maƙwabtana suka fara kafa waya a kan sanda suna ihu a gabanta, wai suna ciniki da mutanen Kano da Maraɗi ta intanet, dariya na yi musu. Na ce wanda ba ka ga takalminsa ba, ina za ka san aljihunsa?

Dariyar ba ta yi nisa ba. Alhazai suka fara shigowa suna nuna mini hoto a waya, wai sun yi odar tsarabarsu tun suna gida, an kai musu har masauki. Su ɗanɗana nawa, su yaba, su fita. (Mai ɗanɗano ba ya rowar yabo, da shi yake biya.) Wadda ta riƙe ni a lokacin ita ce Hajiya Tabawa, wata dattijuwa 'yar Zariya mai kawo mata Umara rukuni-rukuni. Shekara goma sha biyu ba ta kai matanta wani shagon dabino ba sai nawa. In na rasa ta, ƙofa ɗaya ta shagon nan sai ta rufu, kuma ba ƙari na yi ba.

Ita ce ma ta kira ni ta ce, "Alhaji, matan nan suna so su ga kaya kafin mu taso. Ka fito kai tsaye a waya kamar yadda 'yan'uwanka ke yi, ni zan tara maka su."

In Hajiya Tabawa ta ce ka fito, ai sai ka fito.

Yanzu bari in faɗi wani sirrin sana'armu, tunda dai ya riga ya fasu. Mu 'yan kasuwar Hausawa na Makka baki biyu gare mu. Hausa ta mai saye ce, Larabci namu ne mu da juna. Alhaji yana tsaye yana taya kaya, sai ka ɗan juya wurin abokin aikinka ka faɗi abin da ke ranka da Larabcin Hijaz, cikin sauri, fuska a sake, kamar kana tambayarsa ko ledar zuba kaya ta ƙare. Tun ina tallan faranti na ga ana yi, har ya zame mini kamar numfashi. Ban ma san ina yi ba.

Abokin aikina shi ne Idi, ƙanin matata, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Shi ya kafa wayar bayan la'asar, ya ce manhajar ba ta ɗaga mutum sai an taru a kansa, kamar mai maganin gargajiya a kasuwa. Na ce in taro ne ai da sauƙi. Na tura gayyata ga duk wanda ke cikin wayata, ban ware kowa ba: alhazai, dillalai, mai gyaran firji, har da maƙwabcin gidana a unguwar Shisha, Malam Tanko. Shi wannan dattijo rayuwarsa duka a aikin tafinta ya yi ta, yana tsakanin alhazai da likitoci da direbobi a Mina. Ya yi ritaya, amma har yau ba ya iya ganin Bahaushe bai fahimci magana ba ya yi shiru.

Wannan kuskure na farko ke nan. Na biyu kuwa, da na kalli fuskata a wayar sai na ga tabarau ya mai da ni kakan wani. Na cire na jefa aljihu.

"Yaya, wa zai karanta abin da suke rubutawa?" in ji Idi.

"Kai mana."

"Ni da rubutun boko? Ka san karatuna duk na Larabci ne. Sunaye da lambobi kawai zan iya kamo maka."

Na ce ya isa, ciniki ai suna ne da lamba.

Aka fara. Na ɗaga dabino ajwa na juya ta a haske, na matsa dabino sukkari har ya yi ƙyalli, na yi bayani kamar mai wa'azi. Can Idi ya ce Hajiya Tabawa ta shigo, kuma ta rubuta lamba. Ya karanta mini. Ko rabin abin da na faɗa ba ta kai ba.

Na washe baki a gaban wayar na ce, "Uwata ta kaina! Hajiya, ke da shagonki? Ko kyauta kika ce ai sai mu ɗaure miki." Sannan na ɗan karkata wurin Idi, murmushin yana nan, na ce da Larabci, "Ga ta nan ta fara. Wannan tsohuwar ko likkafani za ta saya sai ta nemi ragi. Duk abin da ta tambaya ka ɗora ashirin a kai, in ta gama yankanta mu sauka inda muke so."

Idi ya ƙunshe dariya. Sai ga wasu 'yan fuskoki masu dariya suna ta tashi a gefen wayar kamar fari. Rubutun ba na iya gani, amma fuskokin ina ganinsu.

"Yaya, mutane na ƙaruwa!"

Kaina ya kumbura. Na ce ashe baiwa ce da ni ban sani ba. Na ƙara zuba wa Hajiya kirari da Hausa, na sake juyawa na ce wa Idi da Larabci, "Ka tuna bara? Ita da matanta kwali guda suka cinye a ɗanɗano. Ƙwallayen da suka bari a ƙasa sun isa a dasa gona." Fuskokin suka ninka. Har na ce masa ya duba, maƙwabtanmu ihu kawai suka iya, mu ne masu fasaha.

Ana cikin haka wayar Idi ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya saurara, na ga fuskarsa ta sauka. Ya miƙo mini ya ce yayarsa ce.

"Ina cikin aiki," na ce wa matata a hankali.

"Sa tabaranka."

"Me ya faru?"

"Na ce ka sa tabaranka, ka kuma rufe bakinka, na Hausar da na Larabcin duka."

Na sa. Na matso da fuskata dab da wayar (an ce mini daga baya hancina kaɗai ake gani a Zariya), na fara karantawa daga sama. Wata baiwar Allah ce ta rubuta, "Don Allah me Alhaji yake faɗa da Larabci?" A ƙarƙashinta ga Malam Tanko, layi bayan layi, babu abin da ya tsallake. Likkafanin yana nan. Ashirin ɗin tana nan. Gonar ƙwallaye tana nan. Har da ƙarin bayani irin na ƙwararre, wai kalmar da na yi amfani da ita tana nufin tsohuwa, "amma a nan garin ba zagi ba ce sosai." Can ƙasa kuma Hajiya Tabawa ta rubuta, "Allah ya saka da alheri Malam. Alhaji ci gaba, muna saurare."

Na rasa inda ake kashe abin, na yi ta danna wayar ko'ina, na daka wa Idi tsawa da Larabci ya zo ya kashe wannan bala'in. Kafin hannunsa ya iso, ina kallo da idona wani sabon layi ya hau: "Ya ce a zo a kashe wannan bala'in."

Washegari bidiyon ya riga ni zuwa kasuwa. Wani ya yanko wurin ya yaɗa. Maƙwabtan da na yi wa dariya suka riƙa leƙowa suna tambaya, "Alhaji, yau nawa ake ɗorawa?" Na tari Malam Tanko a ƙofar masallaci bayan azahar, raina a ɓace.

"Malam, me na yi maka?"

"Subhanallahi, Alhaji, tambaya aka yi. Kuma kai ka gayyace ni." Ya dafa kafaɗata. "Ka gode Allah ma, akwai wadda na sassauta."

Har yau ban tambaye shi wacce ba.

Mako uku ina kiran Hajiya ba ta ɗauka. Na tura saƙon murya har na rasa sabuwar hanyar ba da haƙuri. Ranar da rukuninta ya sauka a Kudai, ina tsaye a ƙofa na ga ta tsaya a shagon da ke kusa da nawa da matanta duka, ta daɗe tana ɗanɗanawa, ta tabbata na gani. Sannan ta bar su can ta shigo wurina ita kaɗai.

"Alhaji, an wuni lafiya? An zo tayin likkafani."

Na durƙusa, ni da furfurata. Na fara rantse-rantse, ta ɗaga mini hannu, ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki ajwa ɗaya ta ci a natse.

"Tashi, kar gwiwarka ta riƙe. Kana tsammani ranar na fara ji? Shekara nawa ina shiga kasuwannin garin nan, a ce ban san in ɗan kasuwa ya juya wuya me yake cewa ba? Kai ka ɗora ashirin, ni in yanke talatin, kowa ya tafi gida yana ganin ya yi wayo."

Wannan ta fi bidiyon yi mini ciwo. Shekara goma sha biyu ina ganin ni ke jan ragamar, ashe tare ake ja, kuma ita ke gaba.

"Ba maganar ce ta dame ni ba," in ji ta. "A gaban matana ka yi ta. Yanzu ko gyaran murya na yi a mota sai su fashe da dariya. A inda ka zubar da ni, a nan za ka ɗauke ni. Kafa wayar."

Aka kafa. Ta zauna a tsakiyar shagona kamar mai shari'a, na tsaya a gefe da tabarau a fuska, na ba ta haƙuri a gaban duk mai kallo, da Hausa, sannan ta ce in maimaita da Larabci don kada wani ɓangaren bakina ya ce bai ji ba. Da na gama ta leƙa ƙofa ta yafito matanta. Suka cika shagon, suka yi sayayya, suka kuma ɗanɗana yadda ransu ke so, ban ce uffan ba da kowane harshe.

Hajiya tana nan tare da ni har gobe, kuma ina fitowa kai tsaye duk mako. Masu kallona sun fi na maƙwabtana yawa, amma ba na yaudarar kaina. Rabinsu ba dabino ya kawo su ba, jira suke bakina ya sake suɓucewa. Abin da na koya shi ne, a shago kana ganin wanda ke sauraronka, a waya kuwa duniya ce ta kasa kunne, kuma a cikinta ba a rasa mai son taimako. Yanzu in gulmar mai saye ta taso mini, sai na rufe shago, na kashe waya, na shiga mota na ɗaga gilashi, sannan in yi ta a zuci. Ko a nan ma a hankali nake yi.