Tulun da Na Kaɗa wa Babban Baƙo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da na yi wa babban baƙo kiɗa a kwalejinmu da ke Talata Mafara. Lokacin ruwa ya fara taruwa a madatsar Bakolori, ni kuwa sabon malamin zane ne, ga tabarau, ga kai cike da littattafai.

Shugaban kwalejin ya ba ni wani ɗaki a ƙarshen baranda don adana kayan fasaha. Kafin ruwa ya haɗiye ƙauyukan wajen Maradun, na riƙa bin kangayen da mutane suka tashi suka bari, ina tsinto ƙwarya mai zane, tsohon ƙyaure, ƙoshiyar masaƙa. Shugaba bai ga amfanin abin ba. Ya ce in jami'in ilimin da zai zo daga Sakkwato bai yaba ba, ɗakin zai koma ma'ajiyar katifu.

Abin alfaharina shi ne wani baƙin tulu mai zanen ƙayar kifi a wuya. A bayan wani ƙauye na same shi, kife cikin ciyawa, da huda guda a gefensa. Na yi ta binciken littattafai har na yanke hukunci cewa tulun kiɗa ne, hudar kuma ta fitar sauti ce. (Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya, ni da na yi karatu?)

Sai dai tulun nan bai zauna lafiya ba. Ana tsakiyar rani, leɓe na tsagewa, amma kullum gindinsa a jiƙe, ɗakin na warin laka irin ta bakin gulbi. Da tsakar rana, in makaranta ta yi tsit, sai ka ji yana wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar mai barci. Ɗalibai suka daina share kusurwar da yake. Na yi musu bayanin raɓa da kaɗawar iska, na kira su matsorata, sannan ni ma na daina shiga ni kaɗai.

Ranar ta zo. Baƙon, Alhaji Sambo, dattijo ne dogo marar yawan magana. Muka yi doguwar gaisuwa, na zagaya da shi, shugaba da malamai na biye. Yana ganin tulun ya tsaya cak. Na ce a raina, kifi ya kamu. Na ɗauko shi, na zauna a kan tabarma na ɗora a cinya.

"Ranka ya daɗe, wannan shi mutanen da can ke kaɗawa a ranar farin ciki."

Na shiga bugun hudar da tafin hannu. Sauti ya fito mai zurfi, kamar daga cikin rijiya. Wallahi har da kaɗa kai na yi, har da lumshe ido. Da na buɗe, sai na ga babu mai murmushi.

"Malam," in ji Alhaji Sambo a hankali, "ina ka samo tulun ga?"

Na faɗa masa sunan ƙauyen.

"Bayan gari, wajen wata tsamiya?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Ashe ka san wurin?"

"Garinmu ne. Innata ta gina shi, zanenta ke nan. Ranar da muka rufe ta, ni na kifa shi daidai kanta don in gane wurin. Ni na huda shi kuma, don kada wani ya ɗauka ya zuba ruwa."

Ban san lokacin da hannuna ya sandare a sama ba. Tulun na cinyata, danshinsa na ratsa wandona, na rasa ko in ajiye ko in riƙe. Shugaba ya dube ni da idon da ya riga ya fara jera katifu. Wani malami ya ja salati, ya matsa baya.

Alhaji ya durƙusa, ya karɓi tulun da hannu biyu kamar jariri, ya mayar da shi kusurwarsa ya kife. Ya ɗaga hannu yana addu'a, dole duk muka durƙusa tare da shi. Da ya shafa, ya ce ya je da niyyar ɗauko tulun, ya tarar ruwa ya riga shi, yanzu kabarin na can ƙasa inda kwale-kwale ke wucewa.

Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Ba don kwasar da ka yi ba, da ba ni da inda zan tsaya in gaishe ta." Ya juya ga shugaba. "Ɗakin ga a bar shi yadda yake. Kuma Malam, a daina kiɗan. Ko tana da rai ba ta son hayaniya."

Haka ɗakin ya tsira. Duk shekara Alhaji kan zo, in buɗe masa, in tsaya a waje har ya gama. Na nemi zama masanin fasaha, na ƙare mai gadin maƙabarta mai mutum ɗaya.

Tun daga nan, in na tsinci abu, kafin in tambayi littafi mene ne, sai na tambayi mutane na wane ne. In kuma na gan shi a kife, sallama nake yi in wuce.