Farfelar da Na Zaɓa wa Jirgin Surukina

Ko da zan manta da komai na zamana a Alƙahira, ba zan taɓa mantawa da yammacin da jirgin ruwan surukina ya tona mini asiri a gaban danginsa kaf ba. (A lokacin bai zama surukin nawa ba tukuna, kuma saura ƙiris ya fasa zama.)

Ɗalibi nake a lokacin, ina karatun fiƙihu, ina zaune a unguwar Darrasa. Akwai wata yarinya mai suna Ihsan, 'yar Hausawan Sudan da ke unguwar Hayyin Ashir, wadda na sa a raina har karatu ya fara yi mini wuyar shiga. Da magana ta yi ƙarfi sai na je gaida mahaifinta, Ammu Haruna, wato Baffa Haruna, dattijo mai fara'a da ya daɗe yana tuƙa mota a wani ofishi a Mohandessin. Da ya ajiye aiki ne suka haɗa hannu da wani abokinsa Bamisire suka sayi tsohuwar faluka, irin jirgin nan mai ƙaton ƙyalle da iska ke turawa, suna ɗaukar masu shan iska a Kogin Nilu. Tana da ɗan ƙaramin inji a ciki, saboda ranar da iska ta ƙi.

Muna cikin gaisawa ya tambaye ni, "Kai ɗan ina ne a Najeriya, ya waladi?" Wato ɗana.

Na ce, "Yawuri, Ammu."

Sai ya gyara zama. "Yawurin bakin Kwara? Masha Allah! Ashe mutumin ruwa Allah ya kawo mana."

To, gaskiyar magana a Yawuri aka haife ni, amma ina goye aka yi wa babana canjin wurin aiki zuwa Gusau. Ruwa mafi girma da na taɓa shiga shi ne kududdufin bayan makarantarmu, shi ma sai da aka zane ni. Da na faɗi haka, da an wuce wurin. Amma daidai lokacin Ihsan ta shigo da shayi, sai na ji bakina yana cewa, "Ai Ammu, mu can sai yaro ya iya iyo kafin ya iya tafiya."

(Har yau ban san wanda ya aiki bakin nan nawa ba.)

Ba a daɗe ba Ammu ya kira ni a waya, muryarsa cike da damuwa. Farfelar injin, wadda ke juyawa a ƙarƙashin ruwa tana tura jirgin, ta bugi wani abu ta cire ta nutse. Abokinsa da ya san kan injin ya tafi Aswan gaisuwar rasuwa. Ga shi kuma ranar Juma'a dangi za su fita shan iska a jirgin, kuma a nan ne za a gabatar da ni ga mahaifiyar Ammu, wadda kowa ke kira Habboba. Ihsan ta riga ta gaya mini cewa a gidansu, in Habboba ta ce a'a, to khalas, magana ta mutu.

Ammu ya ce, "Ni mota na sani. Ka zo ka raka ni, kai da ka san abin, ka zaɓa mana mai kyau."

Na ce, "Tamam, Ammu, ai wannan ƙaramin abu ne."

Na kashe wayar na shiga intanet. Na ga hotuna, na ga wasu lambobi, na ga wani Bature yana bayani da sauri kamar ana korar sa. Abin da na fahimta kawai shi ne farfela tana juyawa.

Washegari muka tafi kasuwar ƙarafa ta Sabtiyya, muka shiga wani shago da farfeloli ke rataye har rufi, na tagulla da na alminiyom, manya da ƙanana. Ammu ya nuna wa mai shagon hoton injin a wayarsa, mutumin ya gane girman da ya dace, ya sauko da 'yan kaɗan ya jera a kan tebur. Sai Ammu ya dafa kafaɗata ya ce masa da Larabci, "Ka yi magana da wannan, a bakin kogi aka haife shi."

Na ɗauki ɗaya na ƙwanƙwasa ta na kara a kunne, kamar mai sayen kankana. Na girgiza kai na ajiye. Na ɗauki wata na ɗaga ta sama na kanne ido ɗaya. Ammu yana kallona yana gyaɗa kai.

Mai shagon ya ce, "Mai fiffike biyu ko mai uku, ya shehi?"

Na ce, "Uku." (Hujjata ita ce witiri abin so ne.)

Ya ce, "Yamin walla shimal?" Wato dama ko hagu.

Ni dai ban san farfela tana da dama da hagu ba. Ashe wata tana tura ruwa ne in ta juya ta dama, wata in ta juya ta hagu, kuma dole a dace da yadda injin yake juyawa. Ni kuwa da na ji tambayar sai na ji an shigo fannina. Ɗalibin fiƙihu za a tambaya dama ko hagu? Da dama ake ci, da dama ake shiga masallaci, ta dama ake fara alwala.

Na ce, "Yamin, tab'an, dama mana. Mu ba ma harka da hagu."

Mutumin ya tambaya ko na tabbata, don tsohuwar ba ta nan balle a gwada. Na yi masa wani murmushi irin na wanda aka raina wa sani. Ya ɗaga kafaɗa, ya naɗe ta a jarida ya miƙo.

Makaniki ya ɗaura ta ranar Alhamis. Ya so a tayar da injin a gani, Ammu ya hana, ya ce sabon abu sai Habboba ta sa masa albarka tukuna.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka haɗu a bakin kogi a Ma'adi. Na ci ado da farar shadda, babbar riga da hula, na fesa turare har direban tasi ya sauke gilashi. Dangi sun cika jirgin: gwaggwanni cikin manyan lafaya masu launi, kawunnai, kulolin abinci, fulas-fulas na shayi. Habboba na zaune a tsakiya, 'yar ƙaramar tsohuwa da carbi a hannu, idonta kamar na mai binciken kaya a filin jirgi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne na ruwan?"

Na ce, "Ni ne, Habboba."

Iska kuwa ranar ko ganye ba ta motsawa, don haka sai inji. Bayan jirgin na fuskantar gaɓa, goshinsa na kallon tsakiyar kogi. Ammu ya tayar da injin, Habboba ta yi addu'a aka shafa, sannan ya ce, "Yalla, ya waladi, kai ka zaɓo ta, kai za ka fara sa mata giya."

Na tsaya a can bayan jirgin, na naɗe hannun riga, na saci kallon Ihsan, na yi bisimilla da ƙarfi, na tura sandar giyar gaba.

Jirgi ya fara tafiya baya.

Da farko na ɗauka idona ne. Sai na ga gaɓa tana matsowa. Wani kawu ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ina za mu?" Ni kuma, da yake masani ne, sai na yanke hukuncin cewa ƙarfi ne bai isa ba. Na ƙara wuta.

Jirgin ya zabura da baya kamar jakin da aka tsikara, ya daki tayoyin da aka ɗaure a jikin matsayar. Kuloli suka kife, mata suka sa salati, ni kuma na ji ƙafafuna sun rabu da katako. Na ga sama, na ga hulata tana tafiya ita kaɗai, sai ji na yi tsundum.

Ammu ya kashe injin nan take, Allah ya saka masa. Ni dai ban san ma ya kashe ba. Babbar riga ta buɗe a kan ruwa kamar laima ta rufe mini kai, ina ta dukan ruwa da hannu bibbiyu, ina shan Nilu ina furzarwa. Na yi kalmar shahada. Da na samu kaina ya fito sai na kurma ihu da iyakar ƙarfina, da Hausa tsantsa:

"Wayyo Allah! Ku cece ni! Ban iya ruwa ba! Wallahi ni ɗan Gusau ne!"

Ko masu sayar da shayi a bakin gaɓa sun daina motsi. Sai na ji muryar Habboba, a hankali, ba ko gaggawa:

"Ya waladi, miƙe tsaye mana."

Na miƙe. Ruwan iya ƙirjina ya tsaya.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Gwaggwanni suna riƙe ciki, kawunnai suna tafawa, wasu Misirawa a jirgin kusa suna ɗaukar hoto suna cewa, "Ma'alish, ya shehi!" wato in yi haƙuri. Ihsan ta rufe fuska da mayafi, amma kafaɗunta suna rawa. Ammu ne kaɗai bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ruwan sanyaya mini jiki.

Aka jawo ni ciki ina ɗiga. Wata gwaggo ta ba ni lafayarta ta ajiya, ruwan hoda mai furanni, na lulluɓa. A cikin wannan shigar na zauna gaban Ammu da Habboba na faɗi komai: Gusau, kududdufi, intanet, har da hujjar witiri da ta dama. Na gama na sunkuyar da kai ina jiran a ce in kama hanyar Darrasa.

Habboba ta ja carbinta ta ce, "To yanzu shayin nan a gaɓa za mu sha shi? Haruna, abin nan in an ce masa gaba sai ya yi baya, ko?"

Ammu ya ce, "Haka ne, Yumma."

"To ka ce masa baya mana."

Ammu ya tayar da inji ya ja sandar baya. Jirgi ya kama hanya gaba, sannu a hankali, yana gurnani kamar an tilasta shi. A nan ne dariyar da Ammu yake dannewa ta ƙwace masa, har sai da ya share hawaye. Ya ce, "Wallahi ni ma da ka ce yamin a shagon nan sai da na ce a raina, yaron nan akwai addini."

Haka muka ɗan zaga kusa da gaɓa da giyar baya, ni ina tsakiyar gwaggwanni cikin ruwan hoda, ana ta miƙo mini shayi. Da za mu sauka Habboba ta kira ni. Ta ce ta ga maza da yawa da in an kama su sai su ɗora wa makaniki, ni kuwa tun ina cikin ruwa na fara faɗin gaskiya. Ta juya ga ɗanta ta ce, "A ba shi yarinyar. Amma kada a sake barin sa kusa da inji."

Washegari Ammu ya mayar da farfelar aka canzo ta hagu. Bai neme ni rakiya ba. Bayan na gama karatu aka ɗaura aurenmu da Ihsan, kuma har gobe in muka je Hayyin Ashir, kawunnanta ba sa kirana da sunana, sai dai "Rayyis", wato shugaban matuƙa.

Darasin da na ɗauka kuwa shi ne, in har bakinka ya matsa sai ya yi kuri a gidan surukai, to ka zaɓa masa abin da ba su da halin gwada ka a kai. Da jirgin sama na ce na iya, da har yau ana girmama ni, don Ammu Haruna ba shi da niyyar sayen jirgin sama.