Shekarar Da Na Ƙi Zuwa Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka yi canjin kuɗi ba, ba don wahalar layin banki ba, sai don a cikinta ne na sayar da tumaki biyu na shiga inshorar lafiya. A lokacin ina dillancin dabbobi a kasuwar Mai'adua, kuma wata uku ke nan da shigata ajin yaƙi da jahilci a nan Daura. Na iya rubuta sunana, amma doguwar takarda sai dai in riƙe ta ina gyaɗa kai.

Chidi, maƙwabcinmu mai sayar da kayan gyaran babur, shi ya nuna mini katinsa. Ya ce na kamfani ne: ka biya sau ɗaya a shekara, in ka yi ciwo ka tafi asibitin kuɗi a duba ka. Bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba, ni na ƙarasa sauran bayanin da kaina. A sanina duk abin da jama'a ke haɗuwa suna zubi adashi ne, wanda bai ɗauka ba kuwa kwasarsa na nan tana jiransa. Sai na yanke cewa in shekara ta zagayo ban je asibiti ba, za a maido mini da kuɗina cif. (Ban tambayi kowa ba. Gani nake tunda na fara yawo da littafi, tambaya ta wuce ni.)

Daga nan na shiga lallaɓa katin. Zazzaɓi ya kama ni da damina, na je kemis na biya daga aljihuna. Sai wani haƙori na can ciki ya taso ni gaba. Wata biyu ina danna masa kanumfari, ina tauna tuwo da gefe ɗaya. Hajara matata ta yi ta cewa, Malam, ka ɗauki katin nan ka je a duba ka. Na ce mata ba ta san tanadi ba. Da kumatuna ya kumbura, na je wurin wanzami ya cire shi, na dawo ina tofar da jini ina yaba wa kaina.

Da za a rufe aji, malaminmu Malam Hamisu ya shirya muhawara: inshorar gwamnati da ta kamfani, wacce ta fi? Ya gayyato mai unguwa, da wata ma'aikaciyar jinya, Malama Binta, ta yi alƙalanci. Matanmu ma sun zo, suna zaune daga baya. Aka haɗa ni karawa da Sani Tela, abokina tun muna yara, aka ce wanda ya ci za a ba shi butar shayi.

Sani ya tsaya wa ta gwamnati, ni kuma ta kamfani. Ya ce kuɗinta kaɗan ne, talaka zai iya, kuma da ita matarsa ta yi awo ta haihu. Na ce gaskiya ne, amma ya faɗa wa jama'a tun ƙarfe nawa yake kama layi, da sau nawa aka ce masa magani ya ƙare ya je waje ya saya. Aka tafa mini. Ya ce ta kamfani ba kowace cuta take ɗauka ba, kuma asibitinta ɗaya ne tak a garin nan. Na bar shi ya gama, don na ɓoye babbar hujjata. Na gyara hula, na ɗaga katin sama.

“Tsadarta ba asara ba ce,” na ce. “Ga ni nan, shekara guda ban taɓa ta ba. Ranar Litinin zan je in karɓo kuɗina gaba ɗaya.”

Ba wanda ya tafa. Malama Binta ta ajiye bironta.

“Wane kuɗi za ka karɓo, Malam?”

Na yi mata bayanin kwasa a tsanake, har da yadda na jure haƙori. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ko ta gwamnati ko ta kamfani, kuɗin mai lafiya da shi ake yi wa mara lafiya magani, ba a maidowa. Sannan ta nemi takardar da aka ba ni tare da katin (tana aljihuna, a naɗe cikin leda tun ranar farko), ta nuna wani layi a jerin abubuwan da katin ke ɗaukar nauyinsu ta ce in karanta, tunda yanzu na iya. Na bi shi da yatsa a gaban kowa, harafi bayan harafi: cire haƙori.

Sani ya ce, “Alhamdu lillahi, karatu ya zauna. Buɗe bakin su ga kwasar taka.”

Mai unguwa ya rufe fuska da hannun riga. Ban waiwaya wajen Hajara ba, amma na gane dariyarta a cikin ta sauran mata.

Yanzu duk takardar da aka miƙo mini sai na zauna na karanta ta har ƙasa, abin da ban gane ba in tambaya, ko da Sani ne. Abin da ya tafi a wannan shekarar dai: tumaki biyu, kuɗin kemis, ladan wanzami, haƙori ɗaya, da butar shayin da aka ba wanda ya ci muhawara.