Koci Sahabi da Burodin Narka Tumbi

"Mako ukku! Ku ba ni mako ukku kawai. In tumbin ga bai ɓace ba, ku canza mani suna!"

Sahabi ke nan, tsaye a tsakiyar tashar 'yan kabu-kabu ta Jega, yana buga ciki da tafin hannu, cikin kuma yana amsawa kamar ganga. Abokina, da ka san Sahabi, da ba ka tambayi abin da ya sa tasha ta kwashe da dariya ba. Mutum ne da tumbinsa ke riga shi shiga masallaci, sai an gama gaisawa da cikin sannan mai shi ya iso.

Shekara tara muna layi ɗaya da shi, muna jigilar mutane daga Jega zuwa Maiyama. Ƙa'idar layinmu kuwa fasinja biyu ake ɗauka a baya. To, tumbin Sahabi ya yi ta bunƙasa har ya hau tankin mai ya zauna, ya tura mai shi baya, ya cinye wurin mutum guda da rabi. Fasinja na biyu sai dai ya maƙale a kan ƙarfen ɗaura kaya, ya isa Maiyama yana tafiya a karkace. Da koke ya yi yawa, shugaban layinmu, Ciyaman Sa'idu, wani siririn dattijo marar wasa, ya yanke hukunci: nan da mako uku, in mutum biyu ba su zauna daidai a bayan Sahabi ba, ya bar layi. Ga 'ya'ya shida a gida, duk a kan babur ɗin nan suke ci. Wallahi ni har tausayinsa na ji, kafin ya buɗe baki.

"Ku jahilai na," in ji Sahabi, yana ɗaga wayarsa. A ciki wani bature ne ba riga, jiki duk curi-curi. "Wanga bawan Allah yac ce sitaci shi na abokin gaba. Hwarin burodi guba na. Burodi mai duhu shi ka narka kitse. Daga yau ku kira ni Koci."

Na ce, "Koci, kana jin Turancin nashi?"

"Mi za ni yi da Turanci? Ina da ido. Ya ɗaga hwari ya girgiza kai, ya ɗaga mai duhu ya yi murmushi. Mi ya rage?"

A gida aka fara juyin mulki. Matarsa Tabawa ta ajiye masa tuwon dawa da miyar kuka, ya ture kwanon da ɗan yatsa.

"Ɗauke sitacinki."

"Malam, ai sai ka rage malmala," in ji ta. "Ukku kaka ci. Ci guda, in ƙara maka zogale da wake. Babana da dawag ga ya tsuhwa, ko ɗigon tumbi ba shi da."

"Babanki ya taɓa shiga intanet?"

Ya hana tuwo, ya hana fura, ya ce ko gero ya gani a tsakar gida sai ya yi shari'a da shi.

Saura burodin. Ya zagaye Jega teburi-teburi, ko'ina fari fat. Ya ɗauki babur har Aliero, wurin Lukman mai gidan burodi, ya nuna masa baturen.

Lukman mutumin kirki ne, ya yi masa bayani tsakani da Allah. "Yaya Sahabi, wanga na alkama na wadda ba a cire ma dusa ba. Nauyi gare shi, ba shi da zaƙi, yana daɗewa ga ciki. Shi ma yanka biyu aka ci, ba a wuce wuri. Mu nan ba mu yin shi."

"Kai yaro, kar ka koya mani kimiyya. Wancan hwa?"

Can a lungu akwai tarin burodin da ya ƙone a tanda, baƙi ƙirin, wanda masu kiwo ke kwasa su jiƙa wa raguna.

"Wancan ƙonanne na, Yaya. Hulawa guda ta da hwarin, wuta ce kawai tac ci shi."

Sahabi ya ɗauki ɗaya, ya kara shi kusa da waya, ya duba, ya sake dubawa. Fuskarsa ta washe. "Ai wanga ya hi na bature duhu! Ashe maganin na nan kuna ba dabbobi!"

Ya cika buhu ya ɗaure a baya, ya dawo Jega yana ta danna oda kamar ya ɗauko amarya.

Daga nan lissafin Koci ya fara aiki. Tunda burodi mai duhu narka kitse yake yi, in ji shi, wanda ya fi ci shi zai fi saurin ramewa. Yanka biyu na matsorata ne. Sai ya tsara wa kansa manya uku da safe, uku da rana, huɗu da yamma. Da yake abin ba ya wucewa a maƙogwaro, sai da shayi, madara har cokali ya tsaya, sukari cokali shida don a kashe ɗaci.

Na ce, "Koci, sukarin hwa?"

"Ka ga bature ya girgiza ma shayi kai? To, abin da ba a hana ba halal na."

Motsa jiki ma bai bari ba. Ya sayi wandon 'yan ƙwallo ja, wanda ya kama shi tam kamar fatar kalangu, ya riƙa fita gudu kowace safiya. Daga ƙofar gidansa zuwa teburin mai shayi taku arba'in ne, na ƙirga da kaina. Nan gudun ke ƙarewa, ya zauna yana haki, yana cewa a ba shi "na 'yan wasa".

A mako na biyu ƙonannen burodi ya yanke a Aliero. Masu kiwo suka fara tsegumi, raguna sun rame, Sahabi yana sheƙi. Lukman ya roƙe shi ya bari, shi kuwa ya ce a riƙa manta masa da tire biyu a cikin tanda da gangan. Haƙoransa suka yi baƙi, in ya yi gyatsa sai ka waiga ka ga ko bola ake ƙonawa.

Tabawa ta kawo igiyar shanyar da ta auna cikinsa da ita tun farko, ta sake auna shi. Ƙullin da ta yi ranar farko ya rage taƙi guda bai zagayo ba.

"Malam, ƙaruwa kaka yi!"

"Ke ba ki san aiki ba. Kitsen na ka taruwa wuri guda kahin ya tashi. Ba ki ga yadda hwasinja ka taruwa ga tasha ba?"

Ranar gwaji ta zo. Da safe sai ga Sahabi ya shigo tasha cikin babbar riga, a miƙe sambal, ciki ya shafe kamar an goge. Muka zuba masa ido. Ni dai na lura idanunsa sun firfito, kuma maganarsa guntu-guntu take fita, amma ban kawo komai ba. Ashe robar taya ce, irin wadda muke ɗaure buhunan albasa da ita, ya naɗe kansa da ita zagaye tara, ya tura rabin tumbin sama, rabi ƙasa.

"Kimiyya," ya ce da ƙyar. "Ku... yi... kallo."

Ciyaman ya ce shi da kansa zai hau. Aka sa wata tsohuwa mai suna Iyatu a tsakiya, za ta Giwa Tazo ganin jika, Ciyaman ya zauna a ƙarshe. Wuri ya isa har da saura. Muka bi su a baya mu biyar don shaida, Sahabi yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara.

Mun bar gari da kaɗan, ya faɗa wani rami.

Tau!

Na ɗauka taya ce ta fashe. Robar ce ta tsinke. Tumbin da aka tsare tun asuba ya fito gaba ɗaya da fushinsa, ya daki tanki, ya wurga Sahabi baya. Sahabi ya daki Iyatu, Iyatu ta daki Ciyaman, Ciyaman kuwa ba wanda zai daka. Sai muka ga dattijo ya tashi sama, hula gabas, takalmi yamma, ya sauka daɓas a cikin gonar albasa da aka gama ba ruwa.

Iyatu tana salati tana dukan bayan Sahabi da tafi. "Ɗan nema! Mi ka ɓoye cikin riga? Rago?"

Muka ciro Ciyaman, Allah ya kiyaye ba karaya, sai laka har kunne. Sahabi ya matso, roba na reto daga ƙarƙashin rigarsa, yana shan iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ka san bakin nan bai mutu ba?

"Ciyaman, laihin ramen hanya na. A ƙara mani mako guda, in ninka burodin."

Ciyaman ya tofar da laka. Ya dubi Sahabi, ya dubi tumbin, ya daɗe yana dubansa.

"Sahabi," ya ce a hankali, "layi na masu neman hwasinja na. Kai mi kaka nema ga tasha? Babur ɗinka tun daga gida shika hitowa cike."